Zazzaɓin da Ke Hannuna

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai lafiyayyen yaro asibiti ina kururuwa.

Lokacin watanmu huɗu da ƙaura daga Furfuri zuwa Gusau. Maigidan direba ne, kullum yana hanyar Tsafe, ni kuwa duk unguwar ban san kowa ba sai mai sayar da ƙanƙara. Daga ni sai Sadiku, ɗan wata bakwai, sai zoɓon da nake ƙullawa. Ranar na daɗe ina fasa ƙanƙara ina jera ƙulli a kula, sai na ji ya motsa. Na ɗora hannu a goshinsa. Wuta! Na taɓa ciki, wuta. Da a gida ne, ɗakin Inna zan leƙa. Nan wa zan kira? Na saɓa shi na tare ɗan kabu-kabu (takalmi ma kowace ƙafa da irin nata, sai daga baya na gani).

Ina isa na keta layi ina "Ku taimaka, ɗana zai tafi!" Mata suka dare. Nas ta sa abin awo a hammatarsa, ta duba, ta sake sawa. Gogan kuwa yana ta jan mayafinta, har da dariya.

"Lafiyarshi lau. Mi kike yi kafin ki taɓa shi?"

"Ƙanƙara," na ce, murya can ƙasa.

Ta kama hannuna. "Ke! Ai ko randar ruwa kika taɓa da wannan, sai ki ce tana zazzaɓi."

Layi ya kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce, "A ba uwar gado, a sallami yaron."

Nas ta ce fata ba ma'auni ba ce, canji take ji. Jijiya ta kai saƙon zuwa lakar gadon baya, can a tace shi kafin ya hau ƙwaƙwalwa. Hannun da ya sha sanyi, ɗan ɗumi kaɗan sai ya kai rahoton gobara. Ina ta gyaɗa kai, rabi na gane. Abin da na fi lura da shi, ba ta saki hannuna ba, tana murza shi har ya yi ɗumi. Tun zuwana garin babu macen da ta riƙe ni haka.

Na koma na tarar ƙanƙara ta narke, ga labari a bakina ba mai ji. Na ba Sadiku, ya yi hamma.

Yanzu da kuncina nake gwada shi, yadda Inna ke yi. Hannu kuwa, sai na tambaye shi daga ina ya fito kafin in yarda da maganarsa.