Yadda Ake Mallakar Kujerar Sarki Luwis a Dutse

Ɗan'uwa, in ka gaji da zama a kan kujera kamar kowa, ka zo inda ya dace. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci kafin wata ya mutu duk wanda ya shiga falonka zai fito yana jin kansa ɗan ƙauye. Abdulrauf na unguwar Limawa, ma'aikacin gwamnati, ya bi su tsaf, don haka da shi zan riƙa buga misali.

1. Haddace sarakunan

Sarakunan Faransa ba su wahalar da kansu wurin raɗin suna ba. Luwis ne, sai Luwis, sai wani Luwis ɗin, lamba kawai ake canzawa. Kai ma kada ka wahala, kujerar za ka duba. In ta yi nauyi, ta sha ruwan gwal, tana harararka, ta zamanin Luwis na sha huɗu ce. In ƙafafunta sun lanƙwashe kamar za ta taka rawa, na sha biyar. In sun miƙe sambal da layi-layi a jiki, na sha shida, wanda talakawansa suka fille wa kai. Daga baya Napoliyon ya zo, aka koma sassaƙa dagin zaki a ƙafar kujera.

In ka rikice, ka gyara murya ka ce salon zamanin riƙon ƙwarya ne. Ba a taɓa samun wanda ya musa wannan a Jigawa ba.

2. Samo kujerar

Kada ka kuskura ka je wurin kafinta. Sabon kaya na amare ne. Nemi dillalin gwanjo mai zuwa Kwatano, tunda can ma Faransanci ake ji, ka ga an yi rabin hanya. Ta nan Abdulrauf ya samo tasa: ƙafa a lanƙwashe, yadi ya koɗe, tana warin tsohon rumbu. Matarsa Hadiyya ta zagaya ta, ta tambaya ko ta hura wuta ce. Ya yafe mata, domin ba ta karanta tarihi ba.

3. Tsare tsufanta

A garinmu tsohuwar kujera abin kunya ce, a Faransa kuwa ita ce darajar. Saboda haka ba fenti, ba sabon yadi, ba jiƙaƙƙen tsumma. 'Yan ramukan da ƙwari suka huda su ne shaidarka, ka riƙa nuna wa baƙi su da fitilar waya. In gara ta leƙo, kada ka kore ta da garaje, tarihi take ƙara maka.

4. Hana zama

Wannan shi ne ƙashin bayan sana'ar. Kujerar tarihi ta kallo ce. Abdulrauf ya kwashe sauran kujerun falon ya kai ƙauye don kada su rage mata kwarjini, ya zagaye ta da jar igiya. Abokan aikinsa sukan zube a kafet, shayi na hucewa, yana ba su labarin fadar Luwis kamar a can aka yanke masa cibiya. Da suka daina zuwa, ya gane hassada ce.

5. Jure zuwan manya

A nan ake gane gwani. Baffa Nata'ala, yayan mahaifin Abdulrauf, shi ya riƙe shi tun yana maraya, kuma Abdulrauf bai taɓa fara wani abu ba sai da albarkarsa. Ya daɗe yana roƙon tsohon ya zo daga Ringim ya sa wa sabon gidan albarka. Rannan sai ga shi da hantsi, yana dogara sanda. Gwiwa ta daɗe da hana shi zaman ƙasa, ko sallah a kan kujera yake yi.

Baffa ya duba falo, kujera ɗaya ce tal. Ya sa sanda ya ɗaga igiyar. Abdulrauf yana ƙaunar tsohon nan har ransa. Amma ya tuno mataki na huɗu, ya sha gabansa, ya durƙusa.

"Baffa, a yi haƙuri, wannan ta Sarki Luwis ce. Ba a zama a kanta."

Ya tura Hadiyya maƙwabta aron kujerar roba. Baffa ya sauke igiyar a hankali, ya tambaya ko yau ake sa ran isowar sarkin. Abdulrauf ya yi bayani cewa ai ya daɗe da mutuwa, ya ma fara shiga zancen ƙafafu. Tsohon ya gyaɗa kai, ya sha ruwan da aka kawo masa a tsaye. Kafin kujerar roba ta iso ya sa takalmi. A bakin ƙofa ya waiwayo, ba faɗa ba ɗaga murya.

"Ashe gidan da babba a ciki. To, sai shi ya sa muku albarkar."

Hadiyya ta dawo da kujera a ka, ta tarar ba kowa, ta ajiye ta zauna tana kuka. Abdulrauf ya bi Baffa tasha ba ko hula, ya iske motar Ringim ta tashi. Kai kada ka yi wannan gudun, nan ne kaɗai ya kauce wa koyarwata.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. In dangi sun ɗauke ƙafa, in an yi biki a Ringim sai a bakin direba ka ji, in ka kira waya an ce maka Baffa na barci da rana tsaka, kada ka nemo ni. Ni kujera na yi maka alkawari. Ta Abdulrauf tana nan lafiya ƙalau, har yau ba wanda ya zauna a kanta.