Rasuwar Murhun Inna Saude

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, Inna Saude ta Tudun Wada take sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa sa hannu a akushin gidanta, rasuwar Murhu. Ya cika jiya Talata da hantsi, sha biyar ga watan Mayu 1956, 'yan kwanaki bayan ƙaramar salla, a cikin madafin da ya yi shekara arba'in da ɗaya yana aiki. Ya sha jinyar wata biyar. Diga ce ta ƙarasa shi.

Marigayin ya zo gidan nan mako ɗaya da Inna. Mahaifinta ne ya ɗauko duwatsunsa uku a jaki daga tsaunukan Doguwa, ita kuma ta kwaɓa yumɓu da hannunta ta ɗaure su, tana amarya, lalle bai gama fita daga yatsunta ba. Tun daga ranar bai taɓa wuni da sanyin ciki ba. Ba ya zaɓen abinci. Kara, kirare, totuwar masara, busasshen kashin shanu in damina ta yi nisa, duk abin da aka tura masa karɓa yake. Ba shi da surutu. Iyakarsa ƙas-ƙas in kara ya kama, da wani fuuu mai tsawo in an sa masa ɗanyen itace, wanda Inna ta ce ƙorafinsa ke nan, kuma yana da gaskiya.

Tuwo da kunu kowa ya san aikinsa ne. Babban aikinsa kuwa a sama yake, inda masu kallon takarda ba sa ɗaga kai su duba. Kowace kaka Inna takan shiga gona ta zaɓi zangarniyar dawa kaura mafi cika, ta ɗaure dami guda, ta rataye a jinka daidai kan Murhu. Hayaƙinsa ke bin ta safe da yamma har ta yi baƙi ƙirin, ƙwaro ko kusa ba ya zuwa. In ruwa ya sauka sai a sauke a shuka. Kaurar nan mai jan ido, wadda ba ta jin tsoron fari, Inna ta gada ne wajen mahaifiyarta. Shekara arba'in ba ta taɓa roƙon iri a ƙofar kowa ba. Ita ake zuwa roƙo, daga Kiru har Bebeji, kuma ba wadda ta taɓa komawa da faifai wayam.

Ciwon ajali ya shigo ne a motar Kano, cikin kaka, sanye da gajeren wando da fensir a bayan kunne. Ɗan farin Inna ne, don haka ba ta faɗar sunansa, ba ta kuma tsayawa gaba da gaba ta yi musu da shi. Wannan sanarwa ba ta da wannan kunyar: sunansa Gwadabe. Ya yi wata bakwai yana miƙa wa magina kwanon siminti a unguwar Turawa, wata rana ya leƙa ta taga ya ga kuku yana girki a tsaye, shi ke nan ya dawo da ilmi. Ya ce madafin gidan nan abin kunya ne. Ya ce daga yau sunansa kicin.

Aka shiga shiri. Kwana tara ana zama a zaure, shi da Mainasara magini da Ubale maƙeri, maza uku waɗanda in ka haɗa su ba su taɓa tafasa ruwan wanka ba. Gwadabe ya zana madafin a takarda, ya goge, ya sake zanawa. Ya auna bango da igiya. Ya auna ƙofa. Ya auna tsayin kansa daga ƙasa zuwa ƙugu, don a san inda sabon murhu zai tsaya. Bai auna tukunyar tuwo ba, bai kuma tambayi ko mace ɗaya ba, alhali mata huɗu ke girki a gidan.

Ranar da ya shigo da takardar, Inna tana zaune a kan 'yar kujerarta tana iza wuta. Ya tsaya a kanta yana bayanin bututun da zai kwashe hayaƙi ya fitar da shi ta saman jinka. Ba ta ɗago ba. Sai ta juya ta dubi tukunyar miya, ta ce da ƙarfi yadda zai ji: "Ke tukunya, in hayaƙi ya bi ta sama ya tafi yawonsa, wa zai tsare mana iri?"

Gwadabe ya yi dariya ya ce, "Inna, ki gaya wa tukunya hayaƙi cuta ne. Iri ma hutawa zai yi, ya yi fes."

Inna ta ce, "Tukunya ta ji." Da wani ɗan ne cikin 'ya'yanta, da ya san nauyin muciya a ranar. Shi kuwa ya ɗauki maganarta amincewa ce, ya fita yana gyara fensir.

Haka aka gina magajin marigayin a jikin ɗaya bangon: dandamalin siminti mai ramuka biyu, da bututun da Ubale ya haɗa da garwar kananzir huɗu. An yanka ramukan daidai gindin wata 'yar tukunyar Bature da ba wanda ya taɓa gani sai Gwadabe. Tukunyar gidan nan mai ciyar da mutum ashirin da uku, in aka ɗora ta, sai ta zauna a karkace kamar hular ɗan kasuwa. Tuwon dawa kuma a zaune ake tuƙa shi, a dafe tukunya da ƙafa. Matar Gwadabe sai da ta kifa turmi ta hau, tana tuƙi tana salati, wata na riƙe mata tukunya da tsumma. Wata biyar gidan nan yana cin gudaji, Gwadabe yana haɗiya da ƙyar yana cewa ai sabo ne.

Amma a faɗi gaskiya, bututun ya yi aikinsa. Hayaƙi ya riƙa fita sambal, har mutanen unguwa suna tsayawa kallo, Gwadabe na tsaye a ƙofar gida hannu a ƙugu. Ya hana a ƙara hura wuta a cikin marigayin, wai kada ya ɓata farar ƙasar da aka shafa. Nan Murhu ya kwanta. Tokarsa ta yi sanyi, kaza ta fara ƙwai a cikinsa. Kullum Inna takan shigo ta ɗaga kai ta dubi jinka, ta dubi marigayin, ta fita. Ba ta sauke irin ba, don ba ta da wani hayaƙin da za ta kai shi, kuma ɗauke shi daga madafin ɗanta a gaban matarsa daidai yake da ta tsaya ta ƙaryata shi.

Jiya Mainasara ya zo zuba siminti a ƙasa. Ya ɗaga diga don kawar da Murhu, sara uku ya yi, marigayin ya rabu. A sara na uku jinka ta girgiza, sai wani gari mai laushi ya fara zubowa a kan rawanin magini. Inna ta sa aka sauke damin. Ta murza zangarniya ɗaya a tafin hannu, ta hura. Ba abin da ya rage sai ɓawo da ƙwari suna gudu tsakanin yatsunta. Ta murza ta biyu, ta uku, har ta bakwai. Gwadabe ya ciro fensir, ya duba takardarsa, ya ce wannan ba ya cikin tsari. Inna ta kakkaɓe hannunta, ta dubi inda tukunya take, wannan karon ko ita ba ta yi wa magana ba.

Marigayin ya rasu ya bar duwatsu uku, ɗaya ya tsage. Ya bar tukunyar tuwo, wadda har yanzu ba ta sami wurin zama ba. Ya bar muciya biyu, da maburgi, da 'yar kujerar da ta lotsa daidai jikin mai ita, da gona mai faɗi da aka riga aka share tana jiran abin da babu. Ya kuma bar dandamalin siminti, wanda iyali ba su amince da dangantakarsa da marigayin ba.

Za a kai shi gobe Alhamis bayan azahar, a gindin tsamiyar bayan gida. Mata ne za su ɗauka. An gode wa Mainasara da Ubale, an kuma roƙe su kada su wahalar da kansu. Gwadabe ba zai sami halarta ba, domin kawunsa ya zaunar da shi a tsakar gida da faifai yana tsince ƙwayar da ta tsira ɗaya bayan ɗaya. Zuwa lokacin rubuta wannan, bai cika ludayi ba.

Zaman makoki kwana uku ne, a ƙofar ɗakin Inna. Kada a kawo goro, kada a kawo abinci. Duk matar da ta taɓa karɓar kaura mai jan ido daga hannun Inna Saude, a Kiru take ko Bebeji ko rugagen Doguwa, in akwai saura a saman murhunta, ta taho da zangarniya ɗaya. Inna ba ta iya furta wannan da bakinta ba, shi ya sa aka rubuta. Wadda ta zo hannu rabbana ma za a amsa gaisuwarta. Sai dai a hanzarta, don tun shekaranjiya hadari ke haɗuwa ta gabas.