Ranar da Kinaz ta Cinye Fosfat

Ba zan taɓa mantawa da ranar da sufeton makarantu ya zo duba darasina a Tasawa ba, shekarar da gero ya ƙone a tsaye, sojoji kuma na kan mulki. Ni sabon malamin kimiyya ne, ba a tabbatar da ni a aiki ba. Rahoton sufeto ne zai yanke, ga shi albashina kaɗai gidanmu na Maijirgi ke jira, don rumbu ya bushe.

Darasin a kan kinaz ne, wani sinadari mai liƙa wa furotin ɗan guntun fosfat. Wani furotin ɗin sai an liƙa masa yake shiga cibiyar ƙwayar halitta, ya sa a buɗe umarnin gado a kwafe shi. Don in burge baƙo (a lokacin gani nake ba a taɓa haihuwar malami irina ba), na ja da'ira a filin makaranta na ce ita ce cibiya. Na raba ɗalibai, wasu kinaz, wasu furotin. Duk wanda kinaz ta ɗora wa fosfat a tafin hannu, ya shiga da'ira ya karanta allon da na ajiye a ciki da ƙarfi, shi ne umarnin gado.

Fosfat ɗin fa? Ƙuli-ƙulin da inna ta aiko mini. Tun kafin sufeto ya iso na damƙa wa 'yan kinaz. Ƙuli-ƙuli, a hannun yaran da ba su karya ba, a shekarar fari!

Sufeto ya zauna, na ɗaga murya na ce a fara. Ba wanda ya motsa. Da'ira wayam, sai ƙarar tauna ƙurus-ƙurus daga layin baya. Nan take na hango kaina ina komawa Maijirgi a kan amalanken jaki.

Sufeto ya nuna Rakiya, shugabar 'yan kinaz. "Ke, mi ya hana karatu?"

Ta haɗiye da ƙyar, ta kira shi mushe, wato malam da Faransanci. "Mushe, babu fosfat. In babu shi furotin ba ya shiga, umarni na nan ruhe."

"Ina fosfat ɗin ya tahi?"

"Yunwa, mushe."

Sufeto ya juya mana baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Da zai tafi ya ce mini, "Yaranka sun gane, malam. Ka wuce."

Wallahi sai da na zauna cikin da'irar ina hamdala.

Har yau ina wannan darasin, amma da tsakuwa. Ƙuli-ƙuli kuwa, sai an gama karatu nake rabawa.