Jinin Jama'a a Wayata

Da likita ya ce ina da hawan jini, ƙanwata ta saya mini na'urar awo mai haɗe da waya. Ta ce duk awon da na yi zai tafi asibiti kai tsaye. Na ce na gane, alhali hankalina na kan madannan.

Nan da nan na zama likitan majalisarmu ta Ƙofar Gayan. Bayan la'asar sai in ɗaura wa kowa a damtse, har da gyaran murya: "Malam Sani, a rage gishiri."

Wata safiya ma'aikaciyar jinya ta kira ni: "Alhaji, duk abin da kake yi ka bari, ka taho yanzu!" Na kira matata muka fita a guje. A cikin keke napep na yafe wa matata komai. Tana kuka tana tambayata me ta taɓa yi mini.

Likita ya auna ni, ya sake aunawa. Lafiya lau. Ya juyo mini da kwamfuta: "To, jiya jinin wa ya yi ta hawa da sauka haka?"

Na sunkuyar da kai. "Na jama'a ne, likita."

Dariya ta hana shi rubutu. Awon da ya tayar musu da hankali na Alhaji Bala mai hatsi ne, yanzu yana shan magani, ya samu sauƙi. Amma har yau in na doso majalisa sai su naɗe hannun riga: "Dakta, yau jinin wa za ka ara?"