Ranar da Babbar Rigata Ta Karya Gada

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na karya gada da hannun riga ba, kuma a gaban mutanen da suka taru don in nuna musu yadda ake hana gada karyewa.

Ni injiniya ne, lokacin ina karatun digiri na uku a Sakkwato. Bincikena a kan yadda ruwa ke kwashe yashi daga gindin ginshiƙin gada ne. Ruwa yakan yi ta zagaya ƙafar gada yana haƙa rami a ɓoye, har wata damina a wayi gari ta durƙusa. Ni kuwa na ƙirƙiro wata hanyar jera duwatsu a gindin, wadda (a ganina) duk duniya babu irinta. Na ƙwallafa rai ne saboda gadar ƙauyen Inna, mahaifiyata. Kowace shekara ƙafarta ƙara fitowa take yi, in kuwa ta faɗi, babu su babu asibiti duk damina.

Sai Farfesa, mai duba aikina, ya ce manyan ma'aikatar ayyuka za su zo su gani, in sun gamsu a gwada a gadar. Wayyo daɗi! Kamar an ba ni kujerar Makka. Har mai shayin Kwalkwalawa, kusa da jami'armu, sai da ya sha lacca a kan yashi.

A ɗakin gwajinmu akwai dogon akwatin gilashi mai kama da kwata. Na shimfiɗa yashin da na ɗebo daga gulbin Rima, injin famfo na turo ruwa. Na kafa 'yar gadar katako mai ƙafa biyu, ɗaya tsirara, ɗaya na kewaye ta da duwatsuna. Na gwada har na gaji, kullum tsirarar ce ke nutsewa.

Da ƙaramar riga nake aiki kullum. Ranar kuwa na ce ina, manya za su zo! Na ciro babbar rigata ta shadda, ta sha sitaci da bugu. Matata ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wanga kaya hwa, wurin ruwa za ka ko ɗaurin aure?"

"Ke dai bi ni da addu'a," na ce.

Baƙi suka jeru gaban akwatin, Darakta, wani dattijo mai farar riga, a tsakiya. Na kunna famfo, na fara zuba bayani ina saɓa riga a kafaɗa. Turanci na zuwa, Hausa na zuwa. Na dafa bakin akwatin, na juya masa baya ina fuskantar jama'a. Sai na ga idanunsu sun firfito, suna ta miƙa wuya. Na ce a raina, yau fa na kama su! (Farfesa yana ta yi mini alama da ido, na ɗauka jinjina ce, har na rusuna masa.)

Ashe hannun rigar ne ya zame ya faɗa ruwa, ya naɗe ƙafar da na kare. Ruwa ya rasa hanya, ya bi ta ƙarƙashi da ƙarfi yana ƙwaƙule yashin.

"Yanzu ku zuba ido," na ce da babbar murya, "ƙahwar da ba ta da kariya za ta nutse."

Na waiwaya. Tsirarar na tsaye ƙyam. Tawa kuwa, duwatsun sun gangara cikin rami ɗaya bayan ɗaya, gadar ta karkace. Na fizgo hannu a gigice, sai ga gadar ɗungurungum ta biyo rigar tana reto, ruwan laka ya yi feshi a ƙirjin Darakta.

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Darakta ya goge gemunsa a hankali ya ce, "Injiniya, ke nan in damina ta kwaso kara da itace sunka maƙale ga ƙahwar gada, hakanga za ta yi?"

Duk gwajin da na yi, da ruwa garai-garai na yi shi, alhali gulbi ba ya zuwa hannu rabbana. Farfesa ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga shi na babin da ya rage muna."

Ba a amince ba ranar. Na koma gida da riga sharkaf, matata ta karɓe ta ta shanya da wani murmushi da ya fi magana ciwo. Na ƙara shekara guda ina jefa kara da leda da tsummoki cikin akwatin, ina ta addu'a duk sanda hadari ya haɗu ta wajen ƙauyen Inna. Allah Ya rufa asiri gadar ta jira ni. Da na sake fasalin jerin duwatsun aka amince, aka yi aikin, kuma a cikin duk abin da na rubuta, babin tarkacen nan shi masana suka fi yabawa.

Abin da na koya? Duk wanda zai koya wa ruwa hankali, ya fara naɗe hannun rigarsa.