Zabin Basunda

"Lafiya lau muka tashi, in ban da mijin banza da Allah ya jarrabe ni da shi. Kwana huɗu ko inuwarsa ban gani ba."

Haka kaka Ummusalama, wadda ake kira Habboba, ta amsa gaisuwar jikanta Maliki, ba ta ko ɗaga kai daga kaskon da take soya gahawa ba. Hantsin wata Laraba ne a Gadarif, an gama yankan riɗi, a shekarar nan da motoci ke kwana biyu da uku a layin gidan mai. Tsohuwar tana zaune a rumfar kara da ke gaban bukkarta, hayaƙin gahawa yana tashi a hankali yana fita ta ramukan rufi.

Maliki mai walda ne a kasuwa, magidanci mai 'ya'ya biyu. Sunan kakansa marigayi ya ci, saboda haka Habboba ba ta kama sunansa, Maigida take ce masa. Shi kuma tun da bakinsa ya buɗe Amarya yake kiranta.

"Amarya mai haƙori uku, biyu ma ba sa ga maciji da juna, har ita ce da ƙorafi?" in ji shi, ya zauna a bakin gadon igiyarta.

"Ukun sun ishe ni cin naman zabo, in da mai kawowa. Bara ka tafi daji da bindiga, ka dawo da mura."

"Zabi tara na kawo miki."

"Tara? Na dai ga wasu ƙasusuwa da gashi. Na ɗauka tsintsiya ka sayo mini."

Ya yi dariya, sannan ya faɗa mata abin da ya kawo shi. Duk shekara in an kwashe amfanin gona yakan tafi gonarsu ta wajen Basunda ya yi kwana uku yana harbin zabi da zomaye. Bana abokin da ke shiga da shi daji a motarsa ya kafe ta saboda rashin mai. Shi ne ya yanke shawarar sayen abin hawa nasa na kansa, wanda za a ɗora a kan motar haya zuwa gona, daga can ya shiga daji da shi. Abduljalil mai shagon kekuna yana da biyu: wani ƙaramin babur mai dogayen tayoyi masu ƙuraje, da wani keke mai batir da ake yi wa caji. Ya ba shi zuwa la'asar ya zaɓa, don akwai wani ɗan kasuwa daga Gallabat da ke jira.

Ya miƙa mata wayarsa ta ga hotunan. Ta riƙe ta nesa da fuskarta tana ƙanƙance ido.

"Wannan siririn fa? Yunwa aka yi a garinsu?"

Ya ce ai shi ne zuciyarsa ta fi kwantawa da shi. Ba ya shan banzin, wato fetur, a bango ake jona shi ya ƙoshi. Abin da ya fi komai kuwa, ba ya ƙara. Zabo kunne gare shi, babur tun daga nesa yake sanar da daji cewa ga maharbi nan tafe. Keken kuwa sulalewa yake yi cikin karan dawa, sai dai zabo ya ɗaga kai ya gan ka a gabansa.

"Abin da ke cin abinci ta bango ai gara ce," in ji ta. "Kuma da wace kahraba? Wutar lantarkin da halinku ɗaya, ta leƙo ta gudu?"

"A gona akwai farantin sola. Rana ce za ta ciyar da shi."

"To ka sayi ƙadangare mana, shi ma da rana yake aiki, kuma kyauta ne."

"Ke kuma babur ɗin naki me zai sha? In na shiga layin mai yau, kafin in kai bakin famfo ƙwan zabin ya zama kaka."

"Raggo ba ya rasa dalili. Kakanka da ƙafa yake tafiya. In ya tsaya ƙarƙashin bishiya ya yi atishawa, zabi bakwai ke faɗowa."

"Ashe a nan kika kurumce."

"Na kurumce amma ina jin ƙarya tun kafin ta fito daga baki. Namiji in zai shigo unguwa a ji shi. Ka dawo a kan wancan abu shiru kamar ɓarawon kaji, ta ina zan san in gyara ɗauri in sa turare?"

"Ki sa ko kada ki sa, ƙamshin daddawa ba ya barinki."

Ta daka gahawar a ƙaramin turmi, ta zuba a tukunyar ƙasa mai dogon wuya, ta ɗora a garwashi. Suka jira ta tafasa. Da ta zuba masa a ɗan finjali, sai ta tambaya, kamar ba da wata manufa ba, wanne ne a cikin biyun ya fi faɗin wurin zama a baya.

Ya ce keken wani ɗan ƙarfe kawai gare shi, daidai ɗaure jakar nama. Babur ne mai kujerar mutum biyu. Yana faɗa ya dube ta da kyau, don ya san ruwa ba ya tsami banza.

Habboba ba ta dube shi ba. Hayaƙin take kallo. Ta fara magana a hankali, da wata murya da bai saba ji daga gare ta ba. Ta ce in an wuce gonar, inda sawun manyan motoci yake ƙarewa, akwai wata korama da bishiyoyin aduwa uku a bakinta. A nan iyayenta suka ya da zango, sun taso da ƙafa daga Haɗeja za su Makka, suka ce bari su yi damina ɗaya su nemi guzuri. A nan aka haife ta. A nan kuma innarta ta rasu tana da shekara bakwai, aka binne ta a gindin ɗaya daga cikin bishiyoyin, babanta ya ɗauke ta suka dawo gari.

Ta ce abin da ba ta mantawa shi ne safiya. Raɓa tana kwance a kan ciyawa, ƙasa tana fitar da tururi, sai zabi su sauko shan ruwa, ba goma ba, ba hamsin ba, har sai ka ga kamar gangaren ne da kansa yake tafiya. Innarta takan riƙe mata hannu su tsuguna a bayan kara, tafin hannun yana ƙamshin man riɗi, ta yi wa zabin irin kukansu a maƙogwaro, su tsaya cak suna neman 'yar'uwarsu. Tun farkon daminar bana, ko gyangyaɗin rana ta yi a rumfar nan, wurin take gani. Ruwan yana nan, zabin suna nan, bishiyoyin suna nan. Abu ɗaya ke ɓace mata, ba ta gane wacce ce ta innar. Tana ganin in ta tsaya a wurin, ƙafarta za ta sani.

Sau biyu ta yi wa ɗanta Alhaji Kassim, mahaifin Maliki, maganar. Ya ce mota ba ta kaiwa can, ga shekaru, ta bari sai baɗi.

"Baɗi, baɗi," in ji ta. "Ni kuwa ban san da wa baɗin za ta zo ba."

Maliki ya ajiye finjalin. Ya san koramar sarai. Ya sha yin kwanto a bakinta da bindiga, bai taɓa sanin a kusa da wa yake kwance ba. Ya yi ta juya maganar a ransa, ko ya faɗa ko ya bari, daga ƙarshe ya ce mata bishiyoyin biyu ne yanzu, masu gawayi sun sare ɗaya.

"Wacce?"

"Ta gabas."

Ta rufe ido na ɗan lokaci. "To ba ita ba ce. Ta gabas ita muke hawa. Ka ga har na rage ɗaya tun ban tashi daga nan ba."

Wata biyu ke nan Maliki yana ganin kansa a kan keken nan, yana ratsa fili da sassafe ba abin da ake ji sai iska. Amma ya san ƙasar can. Baƙa ce, in ta bushe takan tsage har ƙafar jaki ta faɗa. Batirin da zai ɗauke shi shi kaɗai da ƙyar, ba zai kai mutum biyu ya dawo da su ba. Ya shafa gemunsa, ya mayar da wayar aljihu.

"Ke in na ɗora ki a babur iska za ta ɗauke ki. Sai an haye iyaka an ɗauko ki a Matamma."

"Ka ɗaure ni da igiya kamar buhun dawa."

"Buhun dawa yana da amfani in an isa."

"Ni ma ina da shi. Zan kira maka zabi da maƙogwaro, tunda hannunka ba ya samu sai an kawo maka har gaban hanci."

"Da ƙarar babur da surutunki, ko kurman zomo ba zai tsaya ba. Baba kuma fa? Kashe ni zai yi."

"Ubanka ni na yaye shi. Har yau kunnensa na hagu ya san hannuna."

Ya ce to, duk an ji, amma magana ɗaya ta rage wadda wasa ba ya maganinta. Babu banzin. Ko ya sayi babur ɗin yau, ado zai zama a ƙofar gida.

Habboba ta kurɓi gahawarta, ta ce ya je bayan tsohon rumbu, can nesa da murhu, akwai wata randa da ta kife a kan yashi, ya ɗaga ya gani. Ya tashi yana mita cewa ko ƙwan kaza ne take ɓoyewa jikoki. Da ya ɗaga randar sai wari ya buge shi. Kwalabe ne jere a binne cikin yashi har wuya, manya da ƙanana, kowacce cike da banzin, an toshe bakinta tam an naɗe da tsumma. Ya daɗe a tsaye kafin ya dawo rumfar da ɗaya a hannu.

"Amarya, gidan mai kika buɗe?"

"Shekara arba'in ina karɓar haihuwa a unguwar nan. Duk mai tuƙa raksha, babur ɗin nan mai ƙafa uku, da ka gani ni na yanke masa cibiya. Kowanne na ce ya kawo mini kwalba ɗaya, ko in ba matarsa labarin yadda ya zo duniya da irin kukan da ya yi."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka fara tsayawa a ƙofar shagon Abduljalil kana haɗiyar yawu. Kafin ka iso gida labarin ya riga ka. Wanda ya riga ka kwana ai dole ya riga ka tashi."

Maliki ya zauna a ƙasa da kwalbar a cinyarsa, ya yi ta dariya har hawaye ya zubo masa, ya sa hannun riga ya share, ya daɗe yana sharewa fiye da yadda dariyar ta kai.

"Na sallama," in ji shi. "Kin ci. Babur ne."

"Da ma shawara ka zo nema, na kuwa ba ka. Tashi ka tafi kafin mutumin Gallabat ya riga ka. Kuma ka ce wa Abduljalil ya ƙara soso a kujerar bayan. Ƙashin nan nawa ne, ba na aro ba."