An Zuba wa Layinmu Kwalta a Cikin Kwamfuta

Da safiyar yau ramin ƙofar gidana ya haɗiye mini takalmi ƙafa ɗaya. Da ɗingishi na faɗa ɗakin ƙanin matata, Injiniya, don in ari silifa, na tarar ya zabga tagumi a gaban kwamfuta.

Aikinsa a wata ma'aikata ne, inda ake koyon tuƙin jirgi a allo ba tare da an bar ƙasa ba. An umarce shi ya ƙara ƙananan jirage marasa matuƙi a manhajar koyon tuƙin. To, babban jirgi can sama yake bi, ƙasa duk kore ce. Shi kuwa ƙaramin, kamar zakara da ya yi tsalle, dab da rufin gidaje yake shawagi, dole a zana masa tituna. Injiniya, bawan Allah, ya zana layinmu yadda yake, har da ramina.

"Yaya, Mai Girma Uban Almakashi, wanda ma'aikatarmu ke ƙarƙashinsa, ya gani jiya," in ji shi. "Ya ce ai shi da kansa ya buɗe titin nan bara. Ko in gyara zanen, ko in nemi wani aikin."

Na ce, "Kai da matarka ke da tsohon ciki? Zuba kwalta!"

Ya zuba. Kafin in ƙifta ido, ga fitilu, ga famfo yana ambaliya. Shekara da shekaru muna roƙo, ashe maganin yana hannun suruki. Tela maƙwabcinmu ya leƙo, ya ce, "Injiniya, tunda abin ya zo da sauƙi, ɗora mini bene."

Da rana aka kira taron ƙaddamarwa, na bi Injiniya ma'aikata da silifar aro. Aka ɗaura kintinkiri a gaban kwamfutar, maroƙa suka cika ɗaki. Mai Girma ya ɗaga almakashi yana yi wa masu hoto murmushi, ya datse kintinkirin tare da wayar wuta. Allo ya yi baƙi ƙirin. Titi, famfo da benen tela, duk suka tafi.

Gumi ya karyo wa Injiniya. Sai Mai Girma ya gyara murya, ya ce wannan sabon darasi ne na tuƙi cikin duhu, a ƙara wa yaron girma.

Muka tafa, ni har da fito. Jama'a, a yaba wa gwani: wasu sai sun shekara kafin aikinsu ya rushe, shi kuwa tun a wurin buɗewa ya sallame mu.